Gyara ko Sauyin Fasali: Wanne Gidanki Yake Buƙata?

    

Yau wasiƙar wata 'yar uwa daga Sandamu ce za ta buɗe mana fili. 'Yarta ce ta rubuta mata, ta kuma roƙi kada a ambaci sunanta. Ta ce gidan da take aure gidan ƙasa ne, surukinta ne ya gina shi tun kafin a kawo ta. A daminar da ta wuce ɗakinta ya yi ta yoyo, har sai da ta riƙa tara kwanuka a kan gado, kuma bangon gabas ya tsage. Ga yara maza sun tasa, babu ɗakin da za a ware musu. Bana ta kwashi adashi, mai gida kuma ya sayar da amfanin gona. Shi yana so a rushe zaure a fitar da shaguna biyu, a kuma haɗe ɗakinta da na kusa da shi su zama ciki da falo. Ita kuwa hankalinta yana kan rufin. Shi ne take tambaya, wanne ya kamata a sa a gaba, kuma ta ba da kuɗinta ko ta riƙe?

To 'yar uwa, tambayarki ta mata da yawa ce, don haka bari mu bi ta a tsanake.

Da farko mu raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, domin duk “gyaran gida” muke ce musu. Gyara shi ne a maido da gida yadda yake a da, ko a ƙara masa kyau, ba tare da an taɓa tsarinsa ba. Ɗaki yana nan inda yake, ƙofa tana kallon inda take kallo. Yaɓe ne, toshe yoyo ne, sauya azarar da gara ta ci, sauya kwanon da ya yi tsatsa, daɓe ko sa siminti a ƙasa, shafe da farar ƙasa ko fenti, sabon ƙyaure. Sauyin fasali kuwa taɓa ƙashin gidan ake yi: a fasa bango a haɗe ɗaki biyu, a tsaga ƙofa inda babu, a ɗauke madafa daga nan a kai can, a shigar da makewayi cikin ɗaki, a yanki tsakar gida a yi gini, a mai da zaure shago, ko a ɗora bene.

Ki ɗauki misalin atamfarki. Idan ta yage kika ɗinke, kika wanke, aka buga miki, wannan gyara ne. Idan kuwa kika kai wa tela ya yanka ta ya fitar da riga da siket, wannan sauyin fasali ne. Kin ga wanda aka sa wa almakashi ba ya komawa zane. Haka bango yake.

Wata za ta ce, ni da ba na fita, ina ruwana da maganar gini, ai ta maza ce. A'a, 'yar uwa. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai gida ya fita tun safe, kasuwa ko gona ko ofis, sai dare. Ke ce kika san inda ruwa yake kwanciya a tsakar gida, kika san ɗakin da ba ya shiguwa da azahar a watan Afrilu, kika san inda hayaƙi yake taruwa. Kuma kada mu manta, daɓen ɗaki da madaɓi da ruwan makuba aikin iyayenmu mata ne tun asali, da gayya suke yin sa. Saboda haka shawararki tana da muhalli, in dai kin kawo ta da ladabi da hujja. Hujjar kuwa tambayoyi huɗu ne za su ba ki ita.

Tambaya ta farko, yaya lafiyar ginin take? Abu uku ne ke riƙe da gida: harsashi, bango, da rufi. Babban abokin gabarsu kuwa ruwa ne, sai gara. Kina iya duba su da kanki ba tare da kin leƙa ƙofar gida ba. Ki duba gindin bango. In ya yi jiƙe-jiƙe, ko ya fito da fari-fari kamar kanwa, ko ƙasar tana marmashewa in kin taɓa, to ruwa yana ci daga ƙasa. Ki ƙwanƙwasa filasta da bayan cokali. Inda kika ji ƙara irin ta gangar da ba komai a ciki, ta rabu da bangon. Ki sa yaro babba ya soki azara da bakin wuƙa. In ta shige kamar a rogo dafaffe, gara ta gama da ita. Ki kuma dubi indararo da rariya, ko sun toshe.

Tsaga ma iri biyu ce. Akwai siririya wadda ta tsaya a kan yaɓe, wannan ba ta da ban tsoro. Akwai kuma wadda ta ratsa bango har kina hango haske, ko ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko samanta ya fi ƙasanta faɗi. Ki sa gawayi ki yi alama a ƙarshenta duka biyu, ki bar ta mako uku ko huɗu. In ta wuce alamar, bangon yana motsi, kuma wannan ba aikin fenti ba ne. A kira magini, kuma a ɗauke shimfiɗar yara daga gindinsa tun daren yau.

A nan zan ba ku labarin abin da ya faru a gidan kakata a cikin garin Daura, ina 'yar sakandare. An tashi bikin wata gwaggona, sai aka ce bangon ƙasa ya yi ƙauyanci, aka kira wani birkila ya lulluɓe shi da siminti ciki da waje, aka shafa shuɗin fenti. Kowa ya zo sai yabawa. Damina ta uku, cikin malka, da asuba muka ji ƙara kamar an jefar da turmi. Bangon madafa ne ya kwanta. Allah ya kiyaye, kakata ba ta riga ta shiga hura wuta ba. Da aka duba, ƙasar da ke bayan simintin ta zama taɓo.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙasa da siminti ba sa kama juna da kyau. Zafi da sanyi suna sa simintin ya yi 'yan tsage-tsage, ruwa ya shiga, sannan ya rasa hanyar fita, tunda siminti ba ya barin bango ya sha iska ya bushe. Daga waje kyau, daga ciki ruɓa. Maginan gargajiya suna da abin da ya dace da ƙasa: makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin awaki da dafara. Su ma ba su dawwama, sai ana sabuntawa, amma ba sa ɓoye ɓarna. In kuwa lallai siminti ake so, a nemi magini wanda ya san yadda ake kafa masa abin kamawa a jikin bango, a kuma riƙa toshe tsagarsa duk shekara.

Kada kuma wani ya ce miki ginin ƙasa ba ya ƙarko. Hasumiyar Gobarau a Katsina ta shekara ɗaruruwa tana tsaye. A can ƙasar Mali, babban masallacin Jenne, wanda ginin da ake gani yanzu na shekarar 1907 ne, da ƙasa aka yi shi, kuma duk shekara mutanen gari suke fitowa su yaɓe shi, maza na kai taɓo mata na kai ruwa. Sirrin dai shi ne gyara a kan kari. Bangon ƙasa mai kauri da rufin soro sun fi bulo da kwano sanyi da rana, kuma ke da kike wuni a ciki kin fi kowa sanin darajar wannan.

To in ginin yana da ciwo, magani ake fara yi masa. Ba a ɗora sabon fasali a kan bango mai motsi.

Tambaya ta biyu, gidan ya ishe ku a yadda yake? Akwai buƙatun da yaɓe da fenti ba za su biya ba. Yara maza sun balaga, dole a raba musu makwanci da 'yan uwansu mata. Tsohuwa ƙafa ta yi nauyi, tana buƙatar makewayi kusa. Za a ƙaro abokiyar zama, kowacce tana da haƙƙin ɗakinta. Ɗaki ba shi da taga sai wata 'yar kafa. Masai ya matsi rijiya. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma biyu na ƙarshen maganar rai ce. Manyanmu ba su manta da sanƙarau na shekarar 1996 ba, wanda ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, akasari a nan Arewa. Cunkoso a ɗaki marar iska, musamman da bazara, yana taimaka wa wannan cuta yaɗuwa. Fasa taga biyu masu kallon juna ƙaramin sauyi ne, amma ya fi tayil amfani. Shi kuwa masai, ma'aikatan lafiya suna so a bar kamar mita 30 tsakaninsa da rijiya, kuma ya kasance a gangare, ba a sama da ita ba. Gidajenmu na cikin gari ba kowanne ke da wannan fili ba, don haka kafin a haƙa sabon rami a nemi shawarar duba-gari.

Amma fa akwai buƙatar da ido ne ya haife ta. An je barka gidan wance, an ga falo da tayil da silin, an dawo gida hankali ya tashi. Wannan ba dalilin fasa bango ba ne. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ki kuma sani duk sauyin fasali akwai abin da yake ci. Bangon da ke tsakanin ɗaki biyu ba labule ba ne. A ginin soro, azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar rufi idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, sai an yi mata dabara da ginshiƙi ko ɗaurin guga. Ke nan sau da yawa wannan bangon na tsakiya shi ne yake ɗauke da rufin. In an cire shi, sai an sauya rufin gaba ɗaya, kuma aikin da aka yi wa lissafin ƙofa ɗaya ya koma ginin sabon ɗaki. A ginin bulo ma sai an zuba linta da rodi kafin a fasa. In kuma tsohon silin ne na asbestos, kada a bari a farfasa shi a cikin gida, ƙurarsa tana da illa ga huhu.

Sai tsakar gida. Mu da muke cikin kulle, tsakar gida ita ce kasuwarmu, ita ce wurin shan iskarmu. Nan ake daka, nan ake shanya, nan ake matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, nan ake kirɓa fura, nan ake shimfiɗa da zafi, nan ake taron suna. Duk ɗakin da aka gina a cikinta daga rabonki aka yanka. Zaure kuma shi ne sutura tsakaninki da titi. Na san abin da yake jan hankalin mazanmu. Daura ta buɗe. An kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2019, a ƙarshen shekarar aka aza harsashin jami'ar sufuri, a 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi wanda ya biyo ta nan. Baƙi sun ƙaru, shago da ɗakin haya sun yi daraja. Ba laifi ba ne a nemi halal. Amma in zaure ya zama shago, ta ina za ku riƙa shiga? Ina baƙin mai gida za su tsaya? Ina samarin gida za su kwana? A amsa waɗannan kafin a ɗaga diga. Wani lokaci ana iya fitar da shago ɗaya a gefe, a bar zauren da 'yar shigifa.

Akwai darasi a Zariya. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da jama'a ta yi masa yawa, a shekarun 1970 sabon gini aka yi ya lulluɓe shi, aka bar zuciyar tsohon a ciki. A gidajenmu ma, ƙari a gefe ya fi rusau sauƙi da aminci.

Haƙƙin maƙwabta ma yana cikin lissafi. Kada tagar bene ta leƙa tsakar gidan wasu, kada indararonku ya zuba a bangonsu, kada kuma a toshe hanyar ruwa don a ƙara ɗaki. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40 da gidaje masu yawa, ta isa ta tuna mana ƙarfinsa. Aikin da ya shafi bene ko fitar da shago bakin titi kuma yana buƙatar izinin hukumar tsara birane, don kada a wayi gari a ga jan fenti a bango.

Tambaya ta uku, ina kuɗi, ina lokaci? Gyara ana iya yin sa kaɗan-kaɗan, bana rufi, baɗi daɓe. Sauyin fasali kuwa in an fara sai an gama, domin ɗakin da aka yaye wa rufi ba ya jiran adashi na gaba. Kuma farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Mutane nawa ne gininsu ya tsaya a linta a lokacin? Don haka shawarata, a sa magini biyu su yi lissafi kowa daban, a sayi kaya a ajiye kafin a fasa komai, a biya kuɗin aiki kashi-kashi gwargwadon abin da aka gama. In an ce buhu 20, a tanadi kuɗin 25, domin sai an buɗe bango ake ganin abin da ke ciki.

Lokacin aiki kuwa daga bayan kaka ne zuwa kafin bazara ta ƙare. Tubali yana son rana ya bushe sosai. Siminti kuma yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ballantana da hunturu da iska ke busar da shi da wuri. Ki sa kuɗin 'yan garuwa a lissafi. Wanda ya yaye rufi a watan Mayu ya yi caca da hadari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma abin da maza kan manta. Gyaran ɗaki kwana biyu ne ko uku, kina iya komawa ɗakin abokiyar zama ko na surukarki. Sauyin fasali kuwa makonni ne maza ma'aikata suna kai da kawo a tsakar gida. Ina za ku zauna? Ina za ku yi girki? Wane makewayi za ku shiga? A kafa zana ko a rataya asabari a raba gidan biyu, a tsayar da lokacin zuwansu da na tashinsu, a kwashe kayan jere a kulle, a kuma rufe duk ramin da aka haƙa saboda yara.

Tambaya ta huɗu ita ce mai nauyi: gidan na wa ne, kuɗin kuma na wa? 'Yar uwarmu ta ce surukinta ne ya gina. To an raba gado? In ba a raba ba, gidan na magada ne duka, har da 'yan uwan mijinki mata da suke gidajen aurensu. Yaɓe da toshe yoyo ba mai ja da su, amma rushe zaure da fitar da shago sai da yardar kowa, in ba haka ba rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin hayar. Ko da kuwa gidan na mijinki ne shi kaɗai, ki tuna rabon matar aure a gado, in akwai 'ya'ya, tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, kuma in ku biyu ne ko uku, shi za ku raba. Dukiyarki taki ce, kuma matsuguni a wuyan miji yake. In kin ga dama ki taimaka, Allah ya ba ki lada. Amma ki fayyace tun farko, kyauta ce ko rance? In rance ne, a rubuta, a sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Wannan ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne. Tun ran gini ake zane. Mun sha ganin baiwar Allah ta sayar da awakinta da 'yan kunnenta ta gina ɗaki, ranar rabon gado ta rasa mai shaida mata.

To 'yar uwa ta Sandamu, ga abin da nake gani. Bana a fara da rufin ɗakinki da bangon gabas, a gyara indararo da rariya. Abin da ya rage a tayar wa samari ɗaki ɗaya a kusa da zaure, inda ba zai cinye miki tsakar gida ba. Maganar shago a jingine ta sai an zauna da magada. Ciki da falo kuwa ya jira ranar da za a iya sauya rufin duka. Ki sami lokacin da mai gida ya ci ya huta, ki nuna masa tsagar da alamar gawayin, ki bar bangon ya yi miki bayani.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana, ko ta ba yaro ya kawo. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa mu ga damina lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.